Hajiya Jambo Mai Tuwon Tashar Tsafe

Tsofaffin direbobin da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa ba duka suka san sunanta na yanka ba. In ka ce musu Saude sai su tsaya tunani, amma in ka ce Hajiya Jambo, nan take wani zai fara ba ka labarin miyar kukarta, wani kuma labarin ranar da kurarta ta turawa ta gudu da abinci.

A Kucheri aka haife ta, gidan manoma dawa da gero. Tun tana ƙarama hannunta ke da daɗi a girki, sai dai abin da ya fi damun mutanen gidan da ita shi ne tambaya. Ba ta ganin abu ta wuce sai ta ji yadda aka yi shi. Ta auri Malam Lawali, direban motar haya mai jigila tsakanin Tsafe da Gusau, ta tare a Tsafe. Da yara suka fara tasawa sai ta soma tuwon sayarwa a cikin gida, Malam Lawali yana ɗaukar wa abokan aikinsa a langa. Da ciniki ya buɗe, ya nema mata rumfa a gefen tasha. Ta jawo ƙawarta Indo, wata bazawara mai ƙarfin hannu a tuƙi da kaifin baki a ciniki, suka kafa murhu. Shekaru suka yi ta tafiya a haka: hayaƙi, muciya, wanke-wanke, da direbobin da kowannensu ke son a fara zuba masa.

Yayanta Mamman ɗan kasuwar hatsi ne a Bilbis. Ya daɗe da niyyar kai mahaifiyarsu aikin Hajji, Allah bai nufa ba, ta rasu kafin ya samu hali. Shekarar da kasuwa ta yi masa kyau sai ya zo Tsafe ya zauna da Malam Lawali, ya ce kujerar da ya yi wa Inna tanadi Saude ce za ta hau, su tafi tare. Malam Lawali ya yi godiya, ya ce ga ta nan, Allah ya kai su lafiya. Saude kuwa ta shiga ɗaki ta sha kukanta, ta fito ta ci gaba da kwashe tuwo.

A lokacin daga Sakkwato maniyyatan Zamfara ke tashi. Bayan zaman jira a sansanin alhazai, wata safiya aka kira rukuninsu, aka fito da su fili cikin layi. Saude ta hango wani farin abu a gabansu, ta ɗauka wani gini ne da za a sake ajiye su a ciki. Sai da suka matso ta ga tayoyi a ƙarƙashinsa, ga fukafukai sun miƙe hagu da dama, kowanne ɗauke da injin biyu. Gabansa ya yi tozo kamar na bijimin sa, kuma a jikin tozon akwai wani jerin tagogi daban, sama da na ƙasa. Ta ja hannun rigar Mamman ta tambaye shi ko wannan ne zai tashi da su. Ya ce shi ne, jambo ake ce masa, kuma waɗancan tagogin na sama bene ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an ɗora bene a kan abin da ke tafiya ba.

Cikinsa ya fi ba ta mamaki. Hanyoyi biyu ne suka ratsa kujeru kamar layin kasuwa, kuma duk inda ta waiga kawunan mutane take gani har ƙarshen ganinta. Mamman ya ce sun haura ɗari huɗu. Da jirgin ya fara gudu ta runtse ido tana salati tare da sauran mata. Da ya daidaita a sama, sai tunanin sana'arta ya dawo mata: wa zai ciyar da wannan taro? Ita ta san yadda direbobi talatin ke sa ita da Indo su jiƙe da gumi. Ta baza hanci, ba ta ji hayaƙi ba, ba ta ji ƙaurin albasa ba. Tana cikin wannan lissafi sai ga ma'aikatan jirgi sun fito suna tura wasu siraran akwatuna masu taya. Kafin ta gama kallonsu, kowa ga abincinsa a gabansa, a rufe, yana tururi. Ba wanda ya tashi daga wurinsa, ba wanda ya ɗaga murya.

Ta ci. Shinkafar ba laifi, miyar ce dai ba daddawa. Amma abin ya tsaya mata a rai. Da aka kwashe kayan, ta kwance bel ɗinta, ta bi hanyar da ta ga akwatunan sun bi, ta tsaya a bakin wani labule tana leƙe. Wata ma'aikaciya mai suna Aishatu, mai jin Hausa, ta gan ta.

"Hajiya, bayan gida kike nema? Yana gaba kaɗan."

"A'a ɗiyata, madafa nika nema. Ina kunka ɓoye murhu?"

Aishatu ta yi dariya har ta dafa bango. Da ta ji cewa mai tuwo ce a tasha, sai ta ɗage mata labulen. Ta bayyana mata cewa tun a ƙasa ake dafa komai, a zuba wa kowa nasa, a jera a cikin akwatunan nan hawa-hawa, su nasu ɗumamawa ne kawai da rabawa. Ta nuna mata yadda kowane abu ke da gurbinsa da sakatarsa, ta nuna mata birkin da ake takawa da ƙafa don kada akwatin ya zame. Saude ta taka, ta saki, ta sake takawa. Da Aishatu za ta kai shayi sama, ta ce ta biyo ta ta gani. Suka hau wata 'yar matattakala. Can sama shiru ne, kujeru kaɗan, yawanci dattawa, wasu na barci wasu na jan carbi. Ta leƙa taga ta ga gajimare a ƙarƙashinta kamar audugar da aka baza a rana. Ta daɗe a tsaye kafin ta sauko.

Ta yi aikin Hajjinta cikin natsuwa. Ranar da ta fara ganin Ka'aba ta yi wa mahaifiyarta addu'a har muryarta ta dushe. Da ta dawo Tsafe, mata suka yi ta zuwa barka da sauka. Takan ba su dabino da zamzam, ta ba su labarin Makka da Madina da Arfa yadda ya kamata, amma duk inda hirar ta zaga sai ta sauka a kan jirgi mai bene. Malam Lawali ya riƙa gaya wa abokansa cewa matan mutane haƙorin Makka suke dawowa da shi a baki, tasa matar kuwa jirgi ta dawo da shi. Daga nan direbobi suka laƙaba mata Hajiya Jambo, ita kuma ba ta taɓa nuna ta ƙi ba.

Ba ta yi wata biyu da dawowa ba ta shiga motar maigidanta zuwa Gusau, ya kai ta wurin wani mai walda, Adamu. Ta tsuguna ta zana masa abin da take so a ƙasa da tsinke: kura siririya mai ƙofa, cikinta hawa-hawa, yadda za a jera kwanoni masu murfi, sama kuma wurin buta da cokula. Ta ce a sa mata birki na ƙafa. Adamu ya ce ya yi shekaru yana ƙera kurar 'yan ga-ruwa da ta masu rake, bai taɓa sa wa wata birki ba, in an tsaya dutse ake sa wa taya. Malam Lawali ya goyi bayansa. Ganin maza biyu sun haɗu a kan magana ɗaya, ta haƙura aka ƙera kurar ba birki.

Ranar kasuwa suka fara fita da ita, an yi mata fenti fari da shuɗin layi. Indo ce ke turawa, tana ta gunaguni cewa da girmanta an mai da ita mai tura kura. Filin tashar yana da ɗan gangare wajen bakin titi. Sun tsaya kusa da wata mota, Indo ta saki hannu za ta miƙa wa wani ruwan wanke hannu, ba ta tuna da dutse ba. Kura ta fara tafiya a hankali, ta ƙara sauri, ta ratsa tsakanin motoci biyu kamar an saita ta, 'yan kamasho na bin ta a guje. Ta je ta daki tarin buhunan albasa, ƙofarta ta buɗe, miyar taushe ta yi wa buhunan wanka. Wani direba ya ce jirgin Hajiya ya tashi ba matuƙi. Indo ta ja mayafi ta rufe fuska. Hajiya Saude kuwa dariya ta kama ta har sai da ta zauna a kan benci. Ta ba mai albasa haƙuri, ta raba abincin da ya tsira sadaka, washegari aka ɗora kurar a saman mota aka mayar wa Adamu ya sa mata birki. Wannan karon bai yi gardama ba, Malam Lawali ma waje ya tsaya yana duba tayar motarsa.

Abin da ta hango tun a jirgi shi ne ya tabbata. Fasinjan da ke jiran mota ta cika ba ya son sauka, kada ya dawo ya tarar an zauna masa a wuri. Da yawa haka suke tafiya da yunwa, ko su sayi rake da gyaɗa su rage zafi. Yanzu sai ga abinci ya zo musu har taga, a rufe, da zafinsa, da cokali, da ruwan wanke hannu. Tambaya ɗaya ake yi wa mutum: kuka ko taushe? In mota ta kusa cika a bi a karɓe kwanoni. Kafin damina ta wuce kurar ta zama biyu, kuma Indo da ke jin kunya ita ce ta koma mai zolayar fasinjoji, tana ce musu su gyara zama su ɗaura bel ga abinci nan tafe.

A wannan zagayen ne Hajiya Saude ta lura da wani abu. Mata sukan karɓi abinci, amma ba sa ci. Sai su ɗora a cinya su rufe da hijabi, su ɗan tsakura, saboda kunyar ci a tsakiyar maza. Masu goyo kuwa ba su da inda za su zauna su shayar ko su yi salla. Sai ta tuna shirun da ta tarar a saman jirgi. Wata rana bayan la'asar ta kai wa Malam Lawali furarsa, ta ce tana son a mai da rumfarta shago, a ɗora masa ɗan ɗaki a sama na mata zalla. Ya ce sam. A ganinsa mutane za su ce ta je Makka ta dawo da girman kai, kuma ba a taɓa ganin mai tuwo da bene ba. Ba ta ja maganar ba, sai dai ba ta bar ta ta mutu ba, takan ɗan taɓo ta in ta ga ransa a sake.

Abin da ya juya shi ba ita ba ce. Wata rana ya ɗauko wata tsohuwa da surukarta daga asibiti a Gusau za su Bilbis. A Tsafe suka sauka jiran wata motar. Ya ga yadda matashiyar ta raɓe a jikin bango da jariri, rana na dukanta, ta kasa cin abincin da aka saya mata, tsohuwar na kare ta da gefen mayafi. Da ya koma gida, ya gama cin tuwo, ya wanke hannu, ya ce:

"Ɗakin nan da kika ce, matattakala ta ciki za a yi ko ta waje?"

Shi da kansa ya je ya nemi izinin shugabannin tasha. Aka yi ginin bulo a ƙasa, aka ɗora ɗakin katako a sama, da tagogi ƙanana a jere, don haka ta ce a yi su. Aka shimfiɗa tabarmi, aka ajiye butoci da randa da dardumar salla. Labari ya bazu har ƙauyuka. Akwai matan da ba tafiya za su yi ba, sun zo kasuwa ne daga Kucheri, amma sai sun hau sun sha kunu sun leƙa tasha ta taga, su koma su ce sun shiga jirgin Saude. Direbobi suka yi ta ƙorafin wasa cewa su da suka raini sana'ar an bar su a ƙasa. Malam Lawali da ya sa aka gina ɗakin, shi ma tun ranar da aka shimfiɗa tabarmi bai sake taka matattakalar ba.

Ba kullum abin ya tafi daidai ba. Shekarun da hanya ta lalace da rashin tsaro, matafiya suka ragu, ba mai son yamma ta yi masa a tasha. Malam Lawali ya ajiye tuƙi, idonsa ma ya fara rauni. Babbar 'yarsu Nusaiba, wadda ke aure a Damba cikin Gusau, ta matsa musu su dawo kusa da ita. Hajiya Saude ta bar wa Indo shago da bene da kura ɗaya, suka rabu da hawaye da dariya, Indo na cewa yau ita ce matuƙiya. Har yanzu tana can tana juya wurin.

A Gusau zaman banza ya gagare ta. Nusaiba ta gaji hannun uwarta, ta kuma iya waya da tsara aiki, sai suka fara karɓar girkin suna da biki. Aikin da ya fito da su shi ne wata walimar saukar Alƙur'ani a Bungudu, ta ɗalibai masu yawa, wadda iyaye da dangi suka cika filin makaranta. Masu walimar sun faɗa musu tsoronsu tun farko: kowace shekara wajen rabon abinci ake ɓatawa, wani ya samu kwano uku wani ya tafi da yunwa. Hajiya Saude ta ce a jera kujeru da tabarmi a bar hanyoyi biyu a tsakiya, ɓangaren maza haka, na mata haka, a kuma sanar cewa kowa ya zauna inda yake, abinci zai same shi. Aka fito da kuraye huɗu. Mutane suka yi ta miƙa wuya da farko, da suka ga layin gaba ya samu, na biyu ya samu, sai suka saki jiki. Aka ci aka ƙoshi ba wanda aka taka wa ƙafa.

Bayan an watse, wani dattijo mai farin gemu ya zo ya tsaya yana kallon kurayen. Ya taka birkin ɗaya ya yi murmushi. Ya gabatar da kansa, Alhaji Mannir, ɗan Bungudu ne, ya yi ritaya bayan shekaru yana aikin gyaran jirage a Kano. Ya ce ba sai an gaya masa inda aka samo wannan tsari ba. Hajiya Saude ta sa aka kawo masa kujera da zoɓo, hira ta ɓarke kamar sun san juna. Shi ne ya gaya mata cewa an daina ƙera jambo. Kamfanoni sun koma wa masu injin biyu, don ba su kai shi shan mai ba. Waɗanda suka rage, wasu kaya suke ɗauka, wasu an ajiye su, wasu an kwance su.

Ta ji abin kamar an faɗa mata rasuwar wani da ta sani. Ta ce ashe abu mai girma haka shi ma yana tsufa. Alhaji Mannir ya ce yana tsufa, amma ya yi aikinsa. Ya ce ya sha tsayawa a ƙarƙashin fiffike yana kallon mutanen ƙauye guda suna hawa a tashi ɗaya, mutanen da iyayensu ko a mafarki ba su ga cikin jirgi ba.

"Ni ma cikinsu nike," in ji ta. "Allah ya saka wa waɗanda sunka ƙera shi."

Ta cika masa kula da dambun nama ta ce ya kai wa iyali. Tun daga nan duk hidimar da ta tashi a danginsa ita ake kira.

Bara 'ya'yansu suka haɗu suka biya wa Malam Lawali kujera. Kafin ya tafi ta cika masa kunne da bayani: inda zai duba, abin da zai tambaya, da yadda zai haɗiye miyau in kunnensa ya toshe. Ya je ya sauke farali ya dawo lafiya, ya yi haske ya ɗan rame. Sai da baƙi suka ragu, suna zaune a tsakar gida ita tana tsince wake shi yana ɓare wa jikoki dabino, ta tambaye shi jirgin da suka hau. Ya ce babba ne ƙwarai, hanyoyi biyu ne a ciki, kowace kujera da 'yar talabijin ɗinta. Ta tambaya injin nawa. Ya ce biyu. Ta tambaya ko akwai bene. Ya ce bai gani ba.

"To Alhaji, Makka kam ka je, Allah ya karɓa. Jirgi ne dai ba ka shiga ba tukuna."

"Ya kai ni, ya maido ni," in ji shi. "Kuma ni ban je ina leƙa wa mutane madafa ba."

Nusaiba da ke bakin ƙofa ta fashe da dariya, jikoki suka taya ta ba tare da sun san abin da ake wa dariya ba. Daga nan ta tuna wa uwarta cewa mutanen Bungudu sun bugo waya, bikin da aka sa ƙarshen wata an matso da shi wannan Asabar ɗin. Hajiya Saude ta ture tiren wake, ta ce a kira mai nama tun yanzu kafin ya tashi daga kasuwa, ta miƙe ta shiga neman mayafinta.